Allurar da na ɗaure Baba da ita

Ni ɗan kasuwa ne. A Kantin Kwari nake, ina sayar da shadda da yadi a wani ɗan shago da in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Shekara goma sha shida ina barin gida da hantsi, ba na dawowa sai an idar da magariba. Gidanmu na gado ne a cikin birni. Ni da iyalina muna ciki, mahaifina kuma yana ɗakinsa na kusa da soro tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Gida ɗaya muke kwana, amma in za ka tattara maganar da ke shiga tsakanina da shi a mako guda, ba za ta wuce gaisuwar safe da "Baba ga wannan" da "Allah ya yi albarka" ba. Ba wani saɓani ne tsakaninmu ba, haka dai muka taso. Ɗa ba ya baje kolin hira a gaban ubansa.

Labarin korona ya fara zuwa mana ne ta hanyar kaya, tun kafin ya zo ta hanyar ciwo. Yawancin abin da muke sayarwa daga Sin yake zuwa, to tun farkon 2020 manyan dilolinmu suka fara cewa kaya sun maƙale. Ƙarshen Fabrairu aka ce an samu wani ɗan Italiya da cutar a Legas, Saudiyya kuma ta dakatar da Umara. Duk da haka hirar kasuwa a watan Maris ba ta korona ba ce, ta sauyin sarki ce, don ranar 9 ga wata aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na biyu aka naɗa Aminu Ado Bayero. Aka rufe makarantu, yara suka dawo gida suna murna. Aka kulle Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen watan. Mu kuwa muna zaune a bakin shago muna cewa ai Kano ba ta kulluwa. Tumbin giwa guda, wa zai sa mata kwaɗo? Ni da bakina na faɗi haka, ba sau ɗaya ba.

Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Kano. Ranar Alhamis 16 ga wata da ƙarfe goma na dare dokar kulle ta fara aiki, aka ce ta kwana bakwai ce. Na yi cefanen kwana bakwai cif, har ina jin na yi dabara da na ƙara galan ɗin mai guda. Sai 2 ga Yuli aka ɗage dokar gaba ɗaya.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Unguwar da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar adaidaita sahu, sai ga shi ana jin kukan kurciya da rana tsaka. Ga zafin bazara, ga wuta sai ta ga dama. Na biyu kuma, na gane ni baƙo ne a gidana. Ban san inda ake ajiye ashana ba. Ban san cewa autarmu ba ta cin abinci sai an zauna kusa da ita ba. Kwana uku ina zirga-zirga a tsakar gida ina sa baki a abin da ba a tambaye ni ba, har maiɗakina ta gaji ta ce, "Baban yara, don girman Allah ka koma soro, kana tare mana iska." Na koma soro da wayata, na nutse a WhatsApp. Wannan ya ce a sha citta da lemun tsami, wancan ya ce tafarnuwa, wani ya turo bidiyon samari suna tsalle suna ihun babu korona. Kafin la'asar kaina ya yi nauyi kamar na ɗauki dila.

Amma ni duk nawa mai sauƙi ne. Matsalar Baba ce.

Baba ya haura saba'in, yana da hawan jini, yana da ciwon suga. Rayuwarsa kaf abu uku ce: masallaci sau biyar, majalisarsu ta dattawa a gindin dalbejiyar bakin layi, da jana'iza. Duk inda aka yi rasuwa a unguwanni uku da ke kewaye da mu, Baba na sahun gaba. To sai ga shi an rufe masallatai, ladanmu in ya kira salla sai ya ƙara da cewa a yi salla a gida. Ranar da Baba ya fara jin wannan, sai da ya zauna a bakin gado ya daɗe bai ce komai ba. Majalisa kuwa ba su daina ba, sai dai su watse in sun hango motar jami'an tsaro, su dawo in ta wuce, kamar yaran da suka gudo daga makarantar allo.

Sai mace-mace suka fara. Wanda ya zauna a Kano a ƙarshen Afrilun nan ba sai an ba shi labari ba. Kullum da safe sai an yi sallama a ƙofar gida an ce wane ya rasu, kuma kusan duk dattawa. Farfesa Ibrahim Ayagi ya rasu a kwanakin, Sarkin Rano ya bi baya farkon Mayu, ga malaman jami'a, ga tsofaffin ma'aikata, ga talakawan da ba rediyon da ya faɗi sunansu. Masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Aka yi ta musu, wasu su ce sanƙarau ne, wasu su ce zafi ne da maleriya, wasu su ce masu suga da hawan jini ne suka rasa inda za su ga likita. Wurin gwajin da ke Kano ma ya tsaya na wasu kwanaki ana tsakiyar abin. Sai a watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya gano mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Mu a lokacin ba mu da lissafi, makara kawai muke gani tana wucewa.

Ƙanwata da ke aure a Kaduna kullum sai ta kira. "Yaya, don Allah kada ka bar Baba ya fita." Faɗa da baki ba wuya. Ta yaya ɗa zai tsaya a gaban ubansa ya ce ba ka fita? Na gwada lallashi, ya ce kwanan wani ba ya ƙarewa don ya je jana'iza. Na ce doka ce, ya ce, "Wanda bai raka mutane ba, wa zai raka shi?" Har ɓoye takalmansa na yi, Allah ya yafe mini. Ya zura silifas ɗin banɗaki ya fice.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Maiɗakina tana da keken ɗinki da ta jima ba ta taɓa ba, sai ta ce za ta ɗinka mana takunkumi da ƙyallayen da nake kawowa daga shago. Tana neman almakashi mai kaifi, Baba ya ce a duba cikin adakarsa. Ni na buɗe adakar. A ƙasan tsofaffin riguna na tarar da wani gwangwanin alewa da ya yi tsatsa, a ciki akwai allurai a soke jikin ƙyalle, da ƙullin zare kala-kala da ya koɗe, da wata hula da aka ɗinka rabi aka bari.

Na san Baba ya yi ɗinkin hula, amma sanin shanu. Yana yaro aka kai shi gabas karatun allo, ya yi shekaru a ƙasar Borno, a can ya koya. Da allura ya ci da kansa yana gardi, da ita ya tara abin da ya auri mahaifiyarmu, kafin ya koma sayar da goro. Gaskiya tun ina saurayi raina sana'ar nake. In na ga ƙato zaune a inuwa ya duƙufa a kan ƙyalle tun safe har yamma, sai in ce a raina wannan bai samu abin yi ba ne.

A daren na kwana ina juya abin. Washegari bayan azahar, lokacin da na san yana shirin zamewa majalisa, na ɗauki gwangwanin na durƙusa a bakin ƙofarsa na ce, "Baba, so nake a koya mini."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Kai? Da wannan hannun naka na ƙirga kuɗi?"

Na ce, "Zaman ne ya ishe ni, Baba."

Ya yi shiru, sannan ya ce a kawo tabarma soro.

Ni a lissafina tarko na ɗana. In yana koya mini, ba zai fita ba. Ban damu da hula ba ko kaɗan.

Na yanko farin yadi daga wani bandir da na kawo gida. Baba ya auna kansa da zare, ya yanka jikin hular dogo, ya yanka samanta a kewaye, don ashe daban-daban ake ɗinka su sai an gama a haɗa. Idonsa ba ya ganin kafar allura, amma da ya karɓi biro sai hannun ya tuna. Ba tare da ya duba komai ba ya zana layuka da 'yan gidaje masu kusurwa, suna maimaita kansu daidai wa daida har ƙarshen ƙyallen. Na tsaya ina kallonsa baki buɗe. Shekara kusan arba'in rabonsa da yin wannan zanen.

Zura zare aikin 'yata ta tsakiya ne, mai shekara tara, wadda Baba ke kira matarsa. "Zo nan amarya, mijinki ya tsufa, zura mini." Ita kuma ta ce ba ta son tsohon miji sai ya biya. A kan dabino ɗaya suka daidaita, bashi, sai an sha ruwa.

Wanda bai taɓa riƙe allurar hula ba ba zai gane ba. Waɗannan 'yan ƙananan idanun da kake gani a jikin hula, kowane ɗaya sai an huda shi an zagaye bakinsa da zare, a ja daidai, kada ya yi sako-sako kada kuma ya tattare yadin. Ka gama ɗaya ka matsa na kusa da shi. Dubbai ne a hula guda. Kwana uku na yi kafin in cika wurin da bai fi kwalin ashana ba. Na soke yatsa har jini ya ɓata farin yadin, wuyana ya ƙage, bayana ya riƙe. In na miƙa wa Baba, ba ya ma kallo. Babban yatsansa zai bi a kai a hankali, sai ya tsaya wuri guda ya ce, "Warware daga nan." In ce Baba ai ba a gani. Ya ce, "Ni na gani." Rannan da na warware aikin yini guda sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska don kada in yi maganar da ba ta dace ba.

A nan ne na fara jin kunyar wani hali nawa. Ni mutum ne mai son hula, ina da zanna bukar, ina da damanga, ina da kube kala-kala, kuma ban taɓa saya ba sai na taya ta da rabin kuɗin da aka faɗa, in yi kamar zan tafi. Ban taɓa tambayar kaina kwana nawa wata mata a Bama ko wani almajiri a Zariya ya yi a duƙe kafin ta iso hannuna ba. In ka raba kuɗin hular hannu da kwanakin da ta ci, abin da mai ɗinkin ke samu a yini ba zai saya masa kwanon abinci ba, kuma yawancin ribar tana hannun irina ne, masu saye su sayar. Har yau ina ciniki, ɗan kasuwa ba ya tuba gaba ɗaya, amma na daina cewa "ai zare ne kawai".

Azumi ya kama ranar Juma'a 24 ga Afrilu. Ranar Litinin 27 ga wata Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce an kulle Kano na ƙarin mako biyu. Ga mutumin Kwari wannan ba ƙaramin abu ba ne, don cinikin azumi shi ne kakarmu. Abin da za ka samu daga farkon Ramadan zuwa jajibirin salla shi ke riƙe ka wata da watanni. Na ɗauki kaya bashi tun Fabrairu saboda kayan salla, ga su can a kulle ana lissafa mini kwanaki. Cefanen kwana bakwai ya ƙare tuntuni. Ana ta maganar rabon tallafi a rediyo, mu dai bai biyo ta layinmu ba.

Takunkumin maiɗakina ne ya ci da mu. Ina faɗa ba tare da na rage komai ba. Ta fara da namu na gida, maƙwabta suka gani suka aiko, sai mai shagon magani na bakin titi ya ce a riƙa kawo masa dozin-dozin. Da robar da ake maƙalawa a kunne ta ƙare, ta koma yin igiya da yadin a ɗaura a ƙeya. Tana yin biyu-biyu, shadda a waje, yadi mai laushi a ciki. Bayan sahur take hawa keke kafin zafi ya taso, babban ɗanmu yana yanka, ni ina guga in an kawo wuta. Da kuɗin ake sayen gero da wake da ƙanƙarar shan ruwa, da shi ake biyan mai kurar ruwa. Ranar da ta fara miƙo mini kuɗi ta ce a sayo gawayi, sai da na ji wani abu ya tokare mini wuya. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce, "Ranta maka na yi, Alhaji, ina rubutawa."

Asham a tsakar gida muka riƙa yi. Baba ya ce ƙafarsa ba ta jure doguwar tsayuwa, ni zan ja. A nan asirina ya tonu. Mutumin da ya shekara ashirin yana bin liman yana gyaɗa kai, ashe abin da ya rage masa a ka bai taka kara ya karya ba. In na kakare, sai in ji muryar Baba daga baya, yana zaune, ya ɗora ni a kan ayar. Yara suna ƙunshe dariya. Bayan kwana biyu ya ce kullum da hantsi kafin mu ɗauki allura sai na biya masa shafi guda. Haka na koma ɗalibi ta fuska biyu ina da 'ya'ya huɗu.

Yaran ma sun samo nasu. Ana sa darasi a rediyo, uwarsu ta tilasta musu zama da littafi, amma rabin hankalinsu na kan motocin da suke ƙerawa da gwangwanin madara da murfin lemo. Da goma ga azumi ta yi, ba halin fita tashe, sai suka yi mana a gida. Babban ya manna auduga a haɓa, ya sa tabarau na kara, ya ɗauki tsumma yana shafawa da yatsa yana cewa, "Warware daga nan." Baba ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ɗan banzan kishiyarsa ne, a kore shi daga gidan.

Hira kuwa ita ta zo da kanta. In hannu yana aiki, ido yana kan ƙyalle, ba sai ka kalli mutum ba, sai magana ta yi sauƙi. Baba ya ba ni labarin tafiyarsu gabas, da yadda suke kwana a tsangaya a gefen wutar kara. Ya ba ni labarin dalar gyaɗa da ya gani da idonsa a Kano, da farin 1973 lokacin da mutane suka yi ta kwararowa daga arewa da ragowar dabbobinsu. Ya ba ni labarin ranar da ya fara ganin mahaifiyarmu, abin da ban taɓa zaton zan ji daga bakinsa ba. Hular nan da na tarar rabi, ashe wa mahaifinsa yake ɗinka wa, ya rasu kafin a gama, shi kuma bai ƙara ɗaukar allura ba.

Wata rana ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon lamba a dantsensa. Ya ce na agana ne. Ya ce suna yara in agana ta shigo gari, bukka ake yi wa mai ita a bayan gari, a riƙa ajiye masa abinci daga nesa, kuma ba wanda ya ce rashin tawakkali ne. Ya kawo hadisin da ya ce in annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita. Na ce, "To Baba, tunda an san haka..." Ya ce, "Sani daban, zama daban. Kai dai ja zarenka."

Farkon Mayu aka fara sassauta dokar ranakun Litinin da Alhamis, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, don a yi cefane. Na je 'Yankaba ranar farko. Duk wata tazara da ake wa'azi a rediyo, a ƙofar kasuwar nan ta mutu. Mutanen da aka tsare kwana da kwanaki aka sake su lokaci guda, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa na tsoron huɗu ta yi masa a hanya a kai shi kotun tafi-da-gidanka. Na dawo ina tunanin in cutar tana neman inda za ta yaɗu, to an shimfiɗa mata tabarma.

A makon ne aminin Baba ya rasu. Tare suka yi karatu a gabas, tare suka yi sayar da goro, kusan shekara sittin. Zazzaɓin kwana huɗu ne da numfashi sama-sama. Da aka aiko, na ga Baba ya buɗe adaka ya ɗauko babbar riga. Na riga shi zuwa soro na tsaya, ban tare ƙofa ba, amma ban kauce ba. Na ce, "Baba, ga aikin jiya ba a duba ba."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Kana zaton ban san abin da ya sa ka ɗauki allurar nan ba? Tun ranar da ka durƙusa na sani. Na zauna ne don na ga kana so in zauna. Amma wannan zan je."

Ban sami abin cewa ba. Na shiga ciki na karɓo takunkumi biyu. Ya karɓa ya ɗaura da kansa, karo na farko, don da cewa yake abin na jaki ne. Muka je tare. Muka tsaya a sahun ƙarshe, can gefe. Bai yi musabaha da kowa ba, hannu ya riƙa ɗagawa yana dafa ƙirji, kuma na san abin ya yi masa ciwo. Bai bi maƙabarta ba. Da muka dawo ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya shiga ɗaki ya rufe. Ranar ba a yi ɗinki ba.

Na shiga ƙirga kwanaki ina sauraron ko zai yi tari. Ashe ni ne zan kwanta. Kwana biyar bayan nan zazzaɓi ya rufe ni, jiki kamar an yi mini duka, sannan na daina jin ƙamshin komai. Maiɗakina ta soya ƙosai a gabana ban ji ba. Ba a gwada ni ba, don haka ba zan ce ga sunan abin da ya kama ni ba, amma ban yi wasa ba. Na koma ɗan ɗakin da ke cikin soro inda muke ajiye tarkace, aka ware mini kwano da buta, ana ajiye abinci a bakin ƙofa. Na ce kada Baba ya matso. Azumi shida na sha.

Da na fara samun sauƙi, sai na ji ana jan kujera. Baba ne ya sa aka ajiye masa ita a can bakin ƙofar tsakar gida, tsakaninmu ya kai taku bakwai. Ya ce, "Bukkar taka ta yi kyau. Ina aikin?" Na ɗaga masa daga nesa. Ya ce ba ya gani, in faɗa masa gida nawa na cika, ido nawa ne a kowane layi. Haka muka koma yi da baki. Ni ina ƙirgawa daga ciki, shi yana cewa layi na uku ya kamata ya zama tara, in ka samu takwas ka tsallake ɗaya, koma ka nemo shi. Kuma in na duba sai in tarar haka ne.

Na so in gama kafin ƙaramar salla, ban ko kusa ba. An yi salla ranar Lahadi 24 ga Mayu. An bari an je idi a Kano, amma ba a yi hawa ba, ba Hawan Daushe ba Hawan Nasarawa, gari ya yi wani iri kamar gidan biki da amarya ta fasa zuwa. Yarana ba su samu sabon ɗinki ba a shekarar, ɗan mai sayar da shadda guda. Uwarsu ta yi musu takunkumi da yadi iri ɗaya, suka yi anko da shi.

Cikin Yuni muka fara buɗe shago a ranakun da aka yarda. Na tarar da ƙura da bashi suna jirana. Wanda na ɗauki kaya a wurinsa ya yi mini haƙuri ya raba mini biyan, Allah ya saka masa, don na san waɗanda ba su sake buɗewa ba. Hular kuwa na ci gaba da ita da daddare da fitilar waya, na gama ta a tsakiyar Yuli, kusan wata uku ke nan. Baba ya haɗa saman da jikin da hannunsa, da lalube.

Na kai ta wurin masu wankin hula, aka wanke, aka sa sitaci, aka ɗora a katako aka buga. Da na je karɓa, mutumin ya juya ta ya sake juyawa ya ce, "Alhaji, wannan zanen na tsofaffin hannu ne, an daina irinsa. Amma wane yaro ne ya yi ɗinkin?" Na ce wani almajiri ne a gidanmu. Ya ce a gaya masa ya riƙa sassauta hannu, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Da gaskiyarsa. Ɓangaren da na fara da shi a tattare yake, wanda na ƙare da shi ya fi sakewa, kuma tabon jinin nan bai fita duka ba.

Babbar salla ta kama Juma'a 31 ga Yuli, shekarar da ba wanda ya je Hajji daga nan. Da safe Baba ya fito cikin babbar rigarsa da hular a kansa, ya juya karkataccen gefen ya koma ƙeya. A hanyar idi wani dattijo daga cikin waɗanda suka rage a majalisarsu ya ce, "Malam, sabuwar hula aka yi?" Baba ya ce, "Yaron nan ne ya ɗinka." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban ɗago kai ba.

Gwangwanin yana shagona yanzu, a ƙarƙashin teburin awo. In kasuwa ta yi sanyi tsakanin azahar da la'asar sai in ɗauko, maƙwabtana suna tsokanata wai Alhaji ya koma gardi. Na gama guda huɗu tun daga lokacin, ban sayar da ko ɗaya ba. Wadda ke hannuna yanzu ita ce rabin nan da na tarar a adaka, ta kakana. Na sha wuya kafin in samo zaren da ya yi kusa da nata a Kasuwar Kurmi, kuma duk da haka in ka duba da kyau za ka ga inda tsohon ya tsaya sabon ya tashi. Daren Juma'ar da ta wuce na kai wa Baba ya duba. Ya bi ta da yatsa tun daga nasa ɗinkin har ya tsallako nawa, ya wuce layi biyu, ya wuce na uku, sannan ya tsaya a na huɗu ya miƙo mini.